Wai "taifin ne kawai"

Na ga tallan aikin nan da ake ta yawo da shi a guruf-guruf tun shekaranjiya, na kuma ga masu kare shi. To ni kam bakina ba zai rufu ba.

Mutum ɗaya ake nema ya rubuta littafin bayanin yadda ake sarrafa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ya mayar da shi Hausa, ya zana sassan injin, ya tsara shafuka a manhajar tsara littafi ta InDesign har a kai maɗaba'a. Albashi naira dubu 45 a wata. Madalla! Ai da sun haɗa masa da shara da dafa wa oga shayi, tunda bawa aka samu. Ko mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, naira dubu 70, abin bai kai ba.

Da na tanka, wani ya ce min: "Malam, ai taifin ne kawai." Taifin ne kawai? Kai ka taɓa zama da injiniya awa uku yana zuba maka turancin wayoyi, ka tashi ka rubuta shi yadda manomi a Kadawa zai karanta ya gane wace waya ce ja, wace ce baƙa? Ya juya su, kwantirola na iya ƙonewa, kuɗin damina guda ya tafi. Wanda ya rubuta wannan layin amanar dukiyar mutane ce a wuyansa.

Taifin ne kawai, amma sai ka san cewa launin da kake gani a allon kwamfuta RGB ne, injin bugu kuma CMYK yake ci, in ba ka canza ba koren ganye ya fito kamar miyar kuka ta kwana. Sai ka bar rarar milimita 3 a gefen shafi saboda wuƙar yanka. Sai hoto ya kai 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto a bugu. In littafin na ninkewa ne da fil a tsakiya, sai adadin shafuka ya rabu da huɗu. Ga masifar ƙ da ɗ da ɓ: font ɗin (salon haruffa) da bai san su ba akwati zai buga maka, ko a cire lanƙwasar, "ƙara mai" ya koma "kara mai". Duk wannan taifin ne kawai.

Masu cewa manhajar zane ta Canva na nan, ku je ku tsara shafi 80 mai tebura da lambobin hotuna a ciki, ina jira. Masu cewa akwai yaran da za su karɓa ko a dubu 30, na sani, yunwa ce. Yunwar wani ba ta mayar da zalunci ciniki.

Tsakani da Allah abin yana min ciwo, domin na san yaran nan. Da kuɗinsu suka sayi laftof, da kuɗinsu suke zuba wa janareta mai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Adobe kuma, kamfanin da ke da InDesign, da dala ake biyansa duk wata, ga yadda naira ta koma. Aikin mutum huɗu ne, a biya ko da na mutum biyu mana.

Af, ni a tsohuwar manhajar PageMaker 7 na koyi sana'ar nan, a wani shagon kwamfuta da fanka ɗaya ke yi wa mu shida hidima.  Ina da tsofaffin fayilolin PageMaker a wani filashi, har da katin bikina a ciki. Duk mai dabarar buɗe su ya same ni ta inbos don Allah.