Malamin da ke ba da sifiri saboda ɗigo ɗaya

Da wuya ka sami tsangayar koyon likitancin dabbobi da ba ta da malamin da ɗalibai ke gunaguni a kansa, kuma galibi na darasin magunguna ne. Ka yi lissafi daidai tun daga sama, ka kuskure wurin sa ɗigo a ƙarshe, ya zabga maka sifiri. Ni kam ina bayansa.

Mu ɗauki xylazine, allurar kwantar da dabba. Doki yana ɗaukar kusan miligiram 1.1 a kan kowane kilo na nauyinsa, saniya kuwa 0.1 ya ishe ta, domin shanu sun fi doki jin maganin kamar sau goma. Saniya mai kilo 300 miligiram 30 take buƙata. A kwalbar da ke da miligiram 20 a kowace mililita, ɗaya da rabi za ka zuƙa ke nan. To akwai wata kwalbar mai miligiram 100 a mililita, wadda aka yi domin dawaki. Wanda ya zuƙi ɗaya da rabi daga cikinta bai duba jikin kwalba ba, ya ninka maganin sau biyar. Saniya ta zube, bugun zuciya ya yi ƙasa, yawu ya riƙa dalala, tumbi ya daina motsi, ciki ya kumbura. Mai saniya ba ruwansa da cewa sauran lissafinka daidai ne.

Wahalar karatun nan ita ce marasa lafiyarmu ba jinsi ɗaya ba ne. Paracetamol da mutum ke sha yana kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Monensin da ake sa wa a abincin kaji da shanu guba ne ga doki. Zafin jiki na digiri 41 lafiya lau ne ga kaza, ga saniya kuwa zazzaɓi ne mai tsanani. Malamin kirki kullum yana jera dabbobin gefe da gefe, ya tambaye ka dalilin bambancin.

Wanda nake da ƙorafi a kansa shi ne mai karanta rubutun majigi kalma bayan kalma, ya fita. Ɗalibansa suna iya zayyano sassa huɗu na cikin saniya ido a rufe, amma a kai su gaban mai kumburin ciki, sai kallon-kallo. Alhali abin a jere yake: ka tsaya ta hagu, ka duba kwiɓi, ka kasa kunne. Tumbi mai lafiya yana juyawa sau ɗaya zuwa biyu a minti. Sai ka zura bututu ta baki. In iska ta fito, ciki ya saɓe, iska ce ta taru kawai, sai a nemi abin da ya hana gyatsa. In ba ta fito ba, ka zaro bututu ka ga kumfa, to maganin fasa kumfa ko mai ake ɗurawa ta bututun. Huda kwiɓi sai dabba ta fara kasa numfashi. Kuma kafin ka ɗura komai, ka tabbata bututun ba a maƙogwaron iska ya shiga ba, in ba haka ba ruwan zai tafi huhu, bayan kwana biyu a dawo maka da ita tana tari da zazzaɓi.

Haka gwajin ciki ta dubura. Ana iya gane saniya na da ciki tun wajen kwana 35, amma hoto ba ya koya wa yatsu yadda mahaifa take. Ajin da ɗalibi ɗaya ke zura hannu saura na leƙe ta kafaɗarsa, lacca ce kawai aka mayar waje. A raba su rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, kowa ya taɓa, ya faɗi abin da ya ji tun kafin malam ya buɗe baki.