Nasiha ga matasan ƙungiyoyin dashen itatuwa

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa na Marwa, Garwa, Mora, Kusiri da sauran garuruwanmu na arewacin Kamaru.

Maganata da ku ce, ku da kuka kafa ƙungiyoyin kare muhalli a unguwanni, kuka yi rajista, kuka buga riguna masu tambari. Allah ya saka muku da alheri, don ko ba komai kun fi wanda ya wuni a majalisar shayi yana ƙorafin zafi. Amma akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa juna, tunda gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk shekara in 5 ga watan Yuni ta zo, ranar muhalli ta duniya, ko 17 ga wata, ranar yaƙi da kwararowar hamada, sai Facebook ya cika da hotunanmu. Ga mutum a tsugune riƙe da dashe a leda, ga manyan baƙi a inuwar rumfa. A lokacin ma ruwa bai gama zama ba a yawancin yankinmu, amma saboda ranar biki ce sai a dasa. Bayan nan kowa ya watse. Wa ya koma wurin a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura 40, awaki na cin duk abin da suka ga kore? Ƙungiyar da ke son a san aikinta, ta faɗa mana itace nawa ne suka tsallake bazara, kuma wa ya ɗebo musu ruwa.

Dashe ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Gwamnati ta fara shirin Sahel Vert tun shekarun 1970, aka sake tayar da shi a 2008. Darbejiyar da ta yi wa titunan Marwa rumfa, har baƙo ke mamakin inuwar garin, wasu ne suka shinge ta da ƙaya, suka shayar da ita tana ƙarama, yawancinsu sun rasu ba mu san ko sunansu ba. Ku dubi kuma sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013 domin 'yan gudun hijira daga Najeriya. Neman itacen girki ya share dajin wurin ƙarƙaf, har abin ya fara haɗa baƙi da 'yan gari. Da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta suka tashi gyara, sun haɗa dashen da gandun renon tsirrai, da mutanen da ke kula da shi kullum, da gawayin da mata ke yi da ragowar amfanin gona domin a rage sara. Shi ya sa wurin ya koma kore.

Yanzu ga abin da na fi so ku saurara. Akwai aikin da ya fi dashe sauƙi, ya fi shi arha, kuma mun raina shi don ba ya kyau a hoto. Ku shiga gonar kowane manomi kafin sassabe, za ku ga gawo, kalgo, sabara, aduwa da magarya suna tohowa daga tsofaffin kututture. Saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba sa neman guga ko jarka. Abin da suke buƙata kawai shi ne kada a sare su a ƙone. A zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a rage sauran, a sa alama don mai garma ya kauce. Manoman Maraɗi a Nijar sun kama wannan hanya tun shekarun 1980, suna ce mata sassaben zamani, kuma gonakin da suka zama fako sun sake cika da itatuwa. A nan gida ma, a shekarun 1990, wani shiri da aka gudanar tare da kamfanin auduga SODECOTON ya riƙa ba manoma ɗan tukuici a kan kowane ƙaramin gawo da suka tsare. Gawo kuwa kun san halinsa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana gero da dawa rana, ƙasar ƙarƙashinsa ta fi albarka, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Kakanninmu sun san wannan tun kafin a zo mana da takarda.

To me ya sa manomi ke sarewa? Ku tambaye shi kafin ku fara yi masa lacca. Wani aron gonar aka ba shi ko haya, in ya bar itace ya girma mai gona zai ɗauka yana neman mallake wurin ne. Wani tsoron ma'aikatan gandun daji yake yi, gani yake in ya rene itacen, gobe ya sassaƙe reshe a ci shi tara. Waɗannan ba a warware su da majigi. Sai an zauna da jauro da lawan, wato mai unguwa da dagaci, in ta kama a kai maganar gaban lamiɗo, a gayyato ma'aikacin gandun daji ya faɗi da bakinsa abin da doka ta yarda da shi da abin da ta hana. Ƙungiyar da ta iya haɗa wannan zaman a ƙauye ɗaya ta yi aikin da ya fi tarin ledojin dashe.

Haka batun wayar da kai. Mun mayar da shi taron otal, da Faransanci, ga ruwan gora ga kuɗin mota, mu ne masu jawabi mu ne masu tafi. Wadda ke hura wuta sau uku a rana ba ta wurin. Mai tura amalanken itace ba ya wurin, makiyayi ma haka. Ku yi musu magana da Fulatanci, da Hausa, da Barbarci, da Larabcin Shuwa, da duk harshen da suke ciniki da shi. Kada ku ce wa uwa ta daina girki da itace alhali ba ku da abin da za ku ba ta a madadinsa. A Njamena an hana gawayi a ƙarshen 2008, talakawa suka sha wuya sosai saboda gas bai wadata ba. Ku koyi gina murhun laka mai tsimin itace, ku gina wa iyayenku mata tukuna, maƙwabta za su zo gani da kansu.

Kuma kada ku tsallake malamanmu. Hadisi ne ingantacce cewa duk musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci, sadaka ce a gare shi. In liman ya faɗi wannan ranar Juma'a, ya kai inda takardunku ba za su kai ba.

Wanda ke ganin wannan duk wasan yara ne, ya tuna 2021 a Logone-Birni. Rikici kan ruwa tsakanin makiyaya da masunta da manoma ya ci rayuka, dubban mutane suka tsallaka Cadi. Mutanen da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya ne, ƙasa da ruwa suka yi musu kaɗan.

Sai maganar kuɗi, a taƙaice. Ƙungiyar da ba ta motsi sai an ce ga wani shiri ya zo da tallafi, ranar da tallafin ya ƙare ita ma ta ƙare. Ku yi karo-karo ko da ɗari-ɗari ne a wata, ku rubuta shiga da fita a littafi, ma'aji ya karanta a gaban kowa. Mun ga ƙungiyoyin da fari bai kashe su ba, rabon kuɗi ya kashe su.

In kuna son yara su koya, ku nemi izinin shugaban makaranta ko malamin tsangaya a ba ku ɗan lungu kusa da rijiya ko famfo. Kowane yaro a ba shi itacensa, ya san shi zai shayar, kuma a tsara wanda zai kula da su lokacin hutu. Ba sai kun sayi iri ba: tsamiya, kuka, zogale da aduwa duk suna nan a gari. Irin gawo yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare bayansa kafin ya tsiro. Wanda kuma aka tsinto daga turken awaki ya riga ya yi laushi, a shuka shi kai tsaye.