Ba Dukiyar Gidan Ce Ke Hana Ni Barci Ba

Shekaranjiya da daddare na ɗora hoton shafin wani littafi da nake karantawa, ban ma yi dogon rubutu ba, cewa kawai nayi labarin nan ya riƙe ni na kasa ajiyewa. Sai wata baiwar Allah ta shigo tace wai mu masu karanta labaran gidajen masu kuɗi kwaɗayi ne ke ɗawainiya da mu, wai muna kwance muna mafarkin ɗan attajiri zai faka mota a ƙofar gida ya kwashe mu, shi yasa 'yan mata suka daina ganin girman talaka. Ban amsa mata a lokacin ba don nasan in na amsa cikin zafi zan faɗi abinda ba shi nake nufi ba. Amma maganar ta kwana ta wuni a raina, kuma inaga gara in zauna in faɗi nawa a tsanake, don ba ita kaɗai ke wannan tunanin ba, na sha ji daga bakin mutanen da nake ganin girmansu.

Eh ina karanta su, kuma ina son su sosai. Irin labarin da za'a buɗe da wani gida mai get uku da masu gadi, uba ya tara dukiya ya tara iko, 'ya'ya kowa na harin kujerar kamfani, sai kwatsam ga wata yarinya da bata cikin lissafin kowa, ko dai an ɗauke ta aikin jinyar kakarsu, ko sabuwar sakatariya ce, ko kuma auren kwangila aka ƙulla na wata shida don a cika sharaɗin wasiyya, kowa ya sa hannu a kan babu ruwan wani da wani. Daga shafi na goma na riga nasan inda za'a je. Nasan zasu so juna, nasan akwai uwa ko goggo da zata tada ƙura, nasan akwai wani sirri da aka binne shekara ashirin da zai tashi. Kuma duk da haka sai in kai ƙarfe biyu na dare na rage hasken waya ƙasa ƙasa, caji saura kashi huɗu, na miƙa hannu ina laluben caja ba tare da na ɗauke ido daga kan layin da nake ba.

Toh in dai kwaɗayi ne, ya kamata ace wuraren da suka fi min daɗi sune inda ake lissafa motoci da gwala-gwalai da jirgin da ya kaisu wata ƙasa siyayya. Wallahi waɗannan wuraren tsallake su nake. In marubuciya ta ɓata shafi biyu tana min bayanin labule da kalar kujeru da sunan turaren da ya fesa, hannuna da kansa yake jan shafin sama. Inda nake tsayawa in maimaita karatu sau biyu sau uku daban ne. Misali ga mutumin nan da tunda aka haife shi ba'a taɓa ce masa a'a ba, magana ɗaya yake yi mutum goma su miƙe, yau gashi zaune a kan bencin asibiti da tsakar dare, rigarsa ta yamutse, wayoyinsa biyu na ta ruri ya kifa su, mahaifinta na ciki kuma likita yace sai dai a jira. Ya riga ya biya komai, ya kira duk wanda zai kira, babu sauran abinda kuɗi zai yi. Ita tana can ƙarshen bencin ta haɗa kai da gwiwa, shi kuma bai san me ake cewa mutum a irin wannan lokacin ba don ba'a taɓa koya masa ba, sai kawai ya matso kaɗan ya zauna yayi shiru har asuba. Wannan shirun nake bi littafi guda ina nema. Ranar da dukiyarsa ta tashi a banza, aka bar shi daga shi sai halinsa, a nan ne nake gane ko ya cancanci yarinyar ko bai cancanta ba.

Amfanin dukiyar a labarin kenan a wajena, ita ce katangar. In biyu suna daidai da juna, gida ɗaya hali ɗaya, iyaye sun yarda, ai babu labari, shafi biyar an gama. Amma da zarar ɗaya yana da komai ɗaya bata da komai, duk kyautar da zai mata sai ta zama abin tambaya, so ne ko saye ne, duk murmushin da zata masa danginsa zasu fassara shi da wayo, ita kanta sai ta dinga tuhumar zuciyarta ko shi take so ko sauƙin da ta samu a inuwarsa. Shi kuma tunda ya buɗe ido yake ganin mutane na dariyar abinda ba abin dariya ba don kawai shi ya faɗa, bai taɓa sanin waye ke sonsa don shi ba. Kinga mutum biyu kowa da tsoronsa, kuma tsoron nasu gaskiya ne, ana yinsa a duniya kullum ko babu biloniya a ciki.

Abinda ya bani mamaki da na fara bin tarihin irin waɗannan littattafan shine zargin kwaɗayin nan tare aka haife su. A shekarar 1740 wani Bature ɗan Ingila, Samuel Richardson, ya fitar da littafi mai suna Pamela, labarin 'yar aiki mai shekara 15 da ubangidanta mai dukiya ya matsa mata lamba ta ƙi, daga ƙarshe ya aure ta. Littafin ya karɓu kamar me, amma shekara bata zagayo da kyau ba, a 1741, wani marubucin Henry Fielding ya fitar da nasa na shaguɓe yana nuna ai yarinyar makira ce, tarko ta ɗana don ta shiga daula. Kusan shekara ɗari uku kenan ana wannan gardamar. Ni kam in aka tambaye ni, matsalar wancan labarin ba yarinyar bace, namijin ne, mutumin da ya tsare ta ya tsorata ta sannan aka bashi ita a matsayin lada, zan dawo kan wannan. Sai kuma a 1813 Jane Austen ta fitar da Pride and Prejudice, inda saurayin ke samun fam dubu goma a shekara, ita kuma yarinyar su biyar ne mata a gidansu, gidan ma da gonar in mahaifinsu ya rasu wani ɗan uwansu namiji ne zai gada, wato in akwai wadda ya kamata ta rungumi tayin da hannu biyu ita ce. Amma da yazo neman aurenta yana mata gorin danginta sai ta ƙi shi kai tsaye, ta faɗa masa girman kansa a fuskarsa, bata karɓe shi ba sai da ya gyara hali ita ma ta gyara fahimtarta a kansa. Har yau duk littafin gidan masu kuɗi da ya amsa sunansa zaki samu wannan a'a ɗin a tsakiyarsa. Yarinyar da kuɗi ya kawo ta ai bata iya cewa a'a.

Kuma ba ƙaramar harka bace da za'a ce wasu 'yan tsiraru ne marasa aikin yi ke karantawa. Kamfanin buga littattafai na Mills & Boon tun 1908 aka kafa shi a Landan, Harlequin kuma a Kanada a 1949, daga baya a 1971 Harlequin ya saye Mills & Boon, kuma shekaru aru aru suna fitar da sababbin littattafan soyayya duk wata ana fassarawa zuwa harsuna da dama. Da waya ta shigo sai abin ya ƙara buɗewa, Wattpad, dandalin rubuta labarai da karanta su a intanet da aka fara a Kanada a 2006, ya bawa kowace yarinya mai labari a kai damar ta rubuta ta saki babi babi masu karatu na biye da ita, har ta kai a 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a kan kuɗi sama da dala miliyan 600. Yanzu marubuciya zata saki shafi da yamma, kafin dare an cika mata waya da roƙon ta ƙaro, wasu na kuka wasu na faɗa da ita don ta raba masoya. Ni ma ina cikin masu roƙon.

Akwai wata malamar jami'a a Amurka, Janice Radway, da ta zauna da mata masu karanta littattafan soyayya ta tambaye su da bakinsu me suke samu, ta fitar da binciken a 1984. Abinda ya taɓa ni a ciki shine yawancinsu matan aure ne masu 'ya'ya, wunin su duka a hidimar wasu yake ƙarewa, sai suka nuna ɗaukar littafin nan shine ɗan lokacin da suke cewa wannan nawa ne, kada a kira ni. Kuma jarumin da suka fi so shine mai ƙarfi amma mai tausayi, wanda yake lura da ita. Da na karanta haka sai naji kamar dani aka yi hirar. Mace ta tashi tun duhu, ta ji da wannan ta ji da wancan, kowa da buƙatarsa a wajenta, babu mai tambayar ke ya kike, sai dare yayi ta buɗe labari ta tarar da wani da duniya ke jiransa amma ya tsaya ya lura cewa yarinyar nan bata ci komai ba tun safe, ya lura tana ɓoye hannunta da ya ƙone. Lurar nan ita ake sha'awa. An sa shi mai kuɗi ne don lurar ta ƙara nauyi, mutumin da lokacinsa ke da tsada ya kashe shi a kanta.

Sai batun sanin ƙarshe, wasu suna cewa meye daɗin labarin da kin san yadda zai ƙare. Ai alƙawarin da ke tsakaninmu da marubuciya kenan, littafin soyayya dole ya ƙare da daɗi, in ba haka ba wani abu ne daban ta rubuta. Sanin cewa zasu haɗu ne ke bani ƙarfin zuciyar shiga duk wuyar da zasu sha a tsakiya, in ji zafin rabuwar sosai ba tare da fargabar za'a bar ni da ciwon ba. Rayuwa bata min wannan alƙawarin a kan komai.

Yanzu in dawo inda nace zan dawo, don bazan kare komai da komai ba. Akwai littattafan da nake rufewa a tsakiya kuma bana komawa, kuma abin na ƙara yawa. Jarumi zai mare ta, ya kulle ta a ɗaki, ya ƙwace mata waya, ya kira ta da sunan da ko dabba ba'a kira da shi, wani ma ya keta mata haddi, sannan a babi na arba'in ya sayo mata mota ya ɗan yi hawaye shikenan wai so ne ya masa yawa, kuma a ƙasa kiga yara 'yan sha shida sha bakwai suna rubuta Allah ya bamu irinsa. Wannan yana ƙona min rai matuƙa. A nan ne kuɗin ke zama guba, don ana amfani da shi a wanke abinda baya wankuwa, da talaka ne ya aikata haka a labarin da kowa mugu zai kira shi. In da baiwar Allahn nan wannan ta kawo da na bata gaskiya ɗari bisa ɗari. Marubutanmu don Allah, miskilanci daban zalunci daban. Ki bani namiji mai shiru, mai girman kai, wanda bai iya bada haƙuri ba sai ya koya da ƙyar, zan bi shi har ƙarshe. Amma in ya taka mutuncinta to ki bari ya ɗanɗana kuɗarsa da gaske, ko ki barta ta tafi abinta.

Haka kuma bana son yarinyar da aka rubuta ta kamar kayan ado, kyau kawai da kuka. Wadda nake so ita ce mai sana'arta ko karatunta, mai bakin magana, wadda ranar da uwar gidan ta turo mata cak tace rubuta ko nawa kike so ki rabu da ɗana, zata ninke takardar ta ajiye a kan tebur ta miƙe, ƙafarta na rawa amma ta fita da kanta. Kuma ina son marubuciyar da zata nuna min ita uwar ma mutum ce, watakila ita ma haka aka shigo da ita gidan shekara talatin baya aka murƙushe ta har ta zama abinda ta zama. Gidajen nan a labari sau da yawa gidajen kaɗaici ne, dogon tebur kujera goma sha biyu kowa ya sunkuyar da kai a waya, 'yan uwa ciki ɗaya sai ta hannun lauya suke magana. Yarinyar in ta shigo ba ita kaɗai ake ceta ba, sau da yawa ma ita ce ke shigo musu da abinda basu da shi.

Game da cewa karatun na sa a raina talaka, ni dai shekaruna da yawa ina karantawa kuma ban taɓa rufe littafi na kalli na kusa dani naji ya ragu a idona don bashi da jirgi ba. Abinda na kan tashi da shi shine son a saurare ni in na yi magana, a tuna abinda na faɗa jiya, in an ɓata min a iya buɗe baki ace yi haƙuri, kuma ni ma sai in samu kaina ina tambayar ko ina yiwa nawa haka. Littafin da nake kai yanzu saura min babi shida, ta bar gidan ta koma ɗakin mahaifiyarta, shi kuma ya gano ƙanin babansa ne ya ƙulla mata sharrin satar, ya tuƙo motar da kansa babu direba babu masu tsaro, yana tsaye a waje tun la'asar ya kasa sallama. Fatana kada ta fito da wuri, ya tsaya tukunna.