Masu ƙanjamau da suka kai gwamnatinsu kotu

Afirka ta Kudu ce ke da shirin raba maganin rage kaifin ƙanjamau mafi girma a duniya, kuma ƙwatar wannan shiri aka yi da ƙarfin tsiya. Shugaban ƙasar na wancan lokaci, Thabo Mbeki, da kansa yana shakkar cewa HIV ce ke kawo cutar, ministar lafiyarsa Manto Tshabalala-Msimang kuwa tana tallar tafarnuwa da lemun tsami. Masu bincike a Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa wannan jan ƙafa ya ci rayuka sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005.

Marasa lafiyar ne suka tashi. A Disamba 1998 Zackie Achmat da abokansa suka kafa ƙungiyar TAC mai fafutukar samar wa masu cutar magani, a watan da aka kashe Gugu Dlamini a KwaMashu don ta faɗa a fili cewa tana ɗauke da cutar. 'Yan ƙungiyar suka riƙa fita titi da riguna masu rubutu ɓaro-ɓaro a ƙirji cewa suna ɗauke da HIV, har Mandela ya sa irinta a 2002. A 2001 kamfanonin magunguna 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnati kan shigo da magani mai rahusa. A 2002, a ƙarar da TAC ta kai gwamnati, kotun tsarin mulki ta tilasta wa gwamnati bai wa mata masu ciki maganin nevirapine don kare jarirai.

Abin da ya fi burge ni shi ne karatun da suka yi wa mambobinsu a unguwannin talakawa irin su Khayelitsha. Matar da ba ta yi boko mai zurfi ba ta san sunan ƙwayar da take sha, ta san ma'anar sakamakon gwajin jininta, idan magani ya yanke a asibiti ta san ofishin da za ta je ta yi magana. Irin wannan mata ba a sallamarta da "Allah ya sawwaƙe".

Mu ma muna da NEPWHAN, haɗakar ƙungiyoyin masu ɗauke da HIV, a Najeriya, ƙasar da binciken 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 na ɗauke da cutar. Da Amurka ta dakatar da tallafin PEPFAR, shirinta na yaƙi da ƙanjamau a ƙasashen waje, a Janairun 2025, kowa ya ga yadda maganin mutanenmu ya rataya a wuyan baƙi. Ban raina taron wayar da kai ba, yana da ranarsa. Amma ina so in ga waɗannan ƙungiyoyi a majalisun jihohi lokacin kare kasafin kuɗi, suna tambayar nawa aka ware wa magani da kayan gwaji, nawa kuma aka saki a bara.