Tallafin da ba a san ranar zuwansa ba

Gwaggona tana zaune a wani ƙauye gabas da Wurno, a jihar Sakkwato. Mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki huɗu, kuma da sayar da fura take riƙe da su. Sau biyu wasu ma'aikata suka zo ƙofar mai unguwa suka rubuta sunanta domin tallafin gwamnati, suka ɗauki hotonta. Duk sanda na je, sai ta miƙo mini ƙaramar wayarta da aka ɗaure da roba, ta ce, "Ɗana, duba min, kuɗin nan sun shigo?" Ba su shigo ba, kuma babu wanda za ta je ta tambaya.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma Sakkwato ce kan gaba da kashi 91 cikin ɗari. Jihar da ke wannan hali ita ta fi kowa buƙatar a gyara yadda ake raba tallafi.

Shirye-shirye kam an yi su. Tun 2016 gwamnatin Buhari ta kawo N-Power da ciyar da 'yan firamare da naira 5,000 a wata ga gidajen marasa ƙarfi, har aka zuba wa shirin naira 5,000 ɗin kuɗin Abacha da aka maido daga Suwizalan. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, gwamnatin Tinubu ta yi alkawarin naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Da zargin karkatar da kuɗi ya taso a Janairun 2024, aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu, sannan aka tsayar da shirye-shiryen gaba ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki: laifin da ake zargi na manya ne a Abuja, amma tukunyar talaka ce ta sauka daga murhu.

A ganina gyaran ya fara daga tsayar da ranar biya. Kuɗi kaɗan da mace ta san za su zo kowane ƙarshen wata sun fi buhun shinkafar da ake jefowa sau ɗaya da azumi ana ɗaukar hoto. Wadda ta san ranar kuɗinta, mai shago zai ba ta bashin kwanon gero, za ta iya shiga adashi, ba za ta sayar da akuyarta a wulaƙance ba. Kuma duk manomi ya san lokacin da yunwa ke cizo, wato daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare gero bai nuna ba. Me ya hana a ƙara kuɗin a waɗannan watanni?

Sai maganar sunaye. A karanta su a fili a ƙofar uban ƙasa, a liƙa su a bango, a ba jama'a dama su ce wane ba mabuƙaci ba ne, wance an manta da ita. Wasu za su ce wannan tona asirin talaka ne. Na fahimci damuwar, amma a ƙauye kowa ya san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Asirin da ɓoye sunaye ke rufewa na wanda ya cusa ƙannensa da yaran siyasarsa ne.

Ban ƙi sharaɗin lambar NIN da asusun banki ba, domin yana toshe sunayen bogi. Sai dai a kai na'urar rajista ƙauyuka, kada a ce tsohuwa ta biya kuɗin mota zuwa birni ta kwana a layi. A tuna kuma da mutanen Isa da Sabon Birni da 'yan bindiga suka kora. Da yawansu suna fake a kangaye cikin garin Sakkwato, alhali sunayensu, in ma an taɓa rubutawa, suna can a garuruwan da suka gudo suka bari.