Gasar muhalli: haddar tambayoyin Indiya ba za ta fisshe mu ba

Da zarar an doshi 5 ga watan Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, sai makarantu su tashi haiƙan da shirin gasar kacici-kacici. A tsamo yara uku ko biyar masu kaifin hadda, a ware su daga 'yan ajinsu, a damƙa musu takardun tambaya da amsa da aka kwafo daga intanet, wani zubin har a aika wa iyaye takardar kuɗin ƙarin darasi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne takardun nan da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp na malamai. Kallo ɗaya za ka yi musu ka san inda suka fito: tambaya kan kogin Ganges, tambaya kan shirin kare damisar Indiya na 1973, tambaya kan matan ƙauye da suka rungume bishiyoyi don hana sare su. An tsara su ne don gasa irin Green Olympiad, wadda cibiyar binciken makamashi da muhalli ta Indiya, TERI, ke gudanarwa tun 1999, kuma ga yaron Delhi sun yi daidai, ƙasarsa ake tambayarsa. Mu kuma mun ɗauko kayan aro muna ɗura wa yaron Dala da na Gusau, alhali ba ya rufe katara.

Gwada ka tambayi zakaran irin wannan shiri abin da ya sa ruwan kogin Challawa ke sauya launi a kusa da masana'antun jima, ko yadda aka yi gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Zai yi zuru. Ga shi kuwa labarin Zamfara darasi ne cikakke: an riƙa kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka su ana niƙawa, dalmar da ke cikinsu ta zama ƙura, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Magani kuma sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, don ba amfanin yi wa yaro magani a mayar da shi cikin gubar. Wanda ya fahimci wannan silsila zai amsa kowace tambaya kan yadda guba ke bi daga ƙasa zuwa jiki, ko a wace ƙasa aka rubuta ta.

Masu kare hadda za su ce jarrabawar ta canki-canka ce, amsa kawai ake nema. Wannan hujjar ragwaye ce. Mai tsara tambaya da ya san aikinsa yakan sa amsar bogi daidai inda mai hadda ke tuntuɓe. Wanda ya haddace "ozon" da "ɗumamar yanayi" a shafi ɗaya zai cakuɗa su, ya zaɓi cewa hudar ozon (shimfiɗar iskar da ke can sama mai tare mana mugun hasken rana) ce ke kawo zafi, bai san matsala biyu ce daban ba: ta farko yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tunkare ta, ta biyun ita ce batun yarjejeniyar Paris ta 2015. Zai faɗa maka iskar kabon dayoksaid ta tashi daga kusan 280 zuwa sama da 420 cikin miliyan, amma ka ce ya mayar da 420 ɗin zuwa kashi cikin ɗari, ba zai kawo 0.042 ba. Haka batun Tafkin Chadi. Kowane yaro na rera cewa ya ƙafe da kashi 90, ba tare da sanin cewa ana kwatanta faɗinsa na 1963 ne, kusan murabba'in kilomita 25,000, da na tsakiyar shekarun 1980 bayan farin da aka sha. Tafki ne marar zurfi da ke faɗaɗa yana tsukewa gwargwadon ruwan da kogunan Shari da Logon suka kawo, kuma daga baya ya ɗan farfaɗo. A ɗora wa wannan yaro jadawalin shekaru a ce ya karanta, nan take haddar za ta watse.

Hujja ta biyu ita ce babu ɗakin gwaje-gwaje. To, ilmin muhalli ɗakinsa filin makaranta ne, kayan aikinsa kuwa rabinsu a bola ake tsintarsu.

Ɗauki awon ruwan sama. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, shimfiɗaɗɗen gindi, wanda faɗin bakinsa ya kai santimita 10. A ɗaure shi a kan turke a fili, nesa da bishiya ko bango da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, in ba haka ba ko dai su tare ruwan ko su ƙara masa da ɗigo. A riƙa dubawa kowace safiya a lokaci guda, don in aka bari rana ta take, wani kaso ya tafi a tururi. Gorar roba da aka yanke tana yaudara saboda gindinta a lanƙwashe yake, awon farko kullum ƙarya ne. Yayyafi kuma ba ya karantuwa da rula, sai a zuƙe ruwan da sirinji: a irin wannan gwangwani, kowane mililita 8 kusan milimita ɗaya ne na ruwan sama. Daga nan sai lissafi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin aji mai mita 7 sau 9, in aka yi ruwan milimita 20, ya zubar da lita 1,260, wato jarka 50 mai cin lita 25, a dare ɗaya, daga aji ɗaya. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba sai an yi masa dogon bayani ba kan dalilin da ya sa unguwar da aka malale da siminti aka toshe magudananta da leda take cika da ruwa, kuma zai fahimci abin da ya auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle.

Sai ƙasa. A zuba ƙasa sulusin kwalba, a cika da ruwa, a sa ɗan garin sabulu kaɗan don ya warware dunƙulen, a girgiza sosai a ajiye. Rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa cikin kamar awa biyu, yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu. A sa alama a jikin kwalbar a kowane mataki, a auna, a fitar da kaso. A yi da ƙasar jigawa, a yi da ta fadama, a jera su a taga. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗibar ƙasar saman da iska ta share, maimakon a tona kamar taƙi ɗaya, ko kuma wani ya ɗaga kwalbar don ya gani ya sake dagula ta.

Wanda ya fi burge yara shi ne na zoɓo. A jiƙa cikin tafin hannu na soɓorodo a rabin litar ruwan zafi, minti goma a tace, ba sukari ba citta, a sirka shi har haske ya riƙa ratsawa. In ya yi kauri ba za a ga komai ba. A rarraba a kofuna masu garai-garai. Ɗiga lemon tsami, ya ƙara yin ja wur. Ɗiga ruwan kanwa ko na toka, ya juya ya yi duhu-duhu mai kore. Shi ke nan an koyar da asid da kishiyarsa da kayan da ke madafin kowace uwa. Amma dole malami ya ja kunne a nan: zoɓo ba ya nuna dalma, ba ya nuna sinadarin kuromiyom na majema, ba ya nuna ƙwayoyin cuta. Ruwa na iya yin garau, ya wuce gwajin zoɓo, ya kuma kwantar da mutum. Sanin iyakar gwaji shi ma tambaya ce da ke fitowa.

Duk wannan ba ya yiwuwa a mako uku, kuma nan ne asirin masu shirin gaggawa ke tonuwa. Ruwan sama a damina ake aunawa, kuma tsakiyarta na faɗawa cikin dogon hutu, sai an ba wasu yara gwangwani su tafi da shi gida. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, a Disamba da Janairu ake kama ta, da farin kati da aka shafa wa man basilin aka rataye a wurare daban-daban na tsawon mako. Bishiyun da aka dasa kuwa a Afrilu ake ƙirga waɗanda suka rayu. Shirin gasar Yuni tun Yulin bara ya kamata a fara shi, kuma da aji gaba ɗaya, a fitar da wakilai daga baya.

Batun bishiya ma abin takaici ne. Yara sun haddace cewa shirin ganuwar itatuwa na Tarayyar Afirka an ƙaddamar da shi a 2007, ya kuma shafi jihohi 11 a Nijeriya. Madalla. Amma nawa ne aka kai gindin gawo aka nuna musu yadda yake zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke buƙatar rana, ya kuma yi kore shar da rani? Nawa ne suka san cewa manoman Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980, sun farfaɗo da miliyoyin hekta ba da dashe ba, sai da barin tohon kututture, su zaɓi mafi ƙarfi su sassabe sauran? Abin da masanan duniya ke tahowa kallo yana tsallaken iyaka kaɗan, da Hausa ake bayaninsa, mu kuma muna can muna haddace sunayen gandun dajin Indiya.

Manyan gasannin duniya ma ba haka suke ba. A Envirothon ta Amurka da Kanada, ƙungiyar yara biyar ake fitarwa fili, su bi tashoshi na ƙasa, ruwa, daji da namun daji. Gasar kimiyyar ƙasa ta duniya da aka fara a Koriya ta Kudu a 2007 tana da ɓangaren aiki da hannu bayan na rubutu. Ranar da aka tura gwarzon haddarmu irin wannan wuri aka miƙa masa dunƙulen ƙasa, kunya za mu kwaso.

Laifin bai tsaya kan malamai ba. Shugaban makarantar kuɗi kofi yake so da hoton da zai liƙa a allon talla, mai shirya gasa kuma ya fi son tambayar da za a yi wa maki cikin daƙiƙa biyar a tashi a ci abinci. Ma'aikatun ilmi da na muhalli na jihohi, da ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, su ne ke da ikon sauya wannan. Su ware rabin maki ga aikin hannu, su sa tambayoyin su fito daga Hadeja da Bagega (ƙauyen Anka da gubar dalma ta shafa) da Alau, su kuma hana shiga gasar ga duk makarantar da ba ta zo da littafin awon ruwan samanta na daminar da ta wuce ba.