Ciwon Gwiwar Kaka Ba Tsufa Kaɗai Ba Ne

Idan tsohuwa ta daina fita biki, ta bar tuwonta a kwano, kullum kukanta gwiwa da baya, sai a ce ai tsufa ne. Sau da yawa ciwon damuwa ne ya haɗu da ciwon jiki, kowanne yana rura wutar ɗayan.

Sinadaran serotonin da noradrenalin da ke daidaita yanayin zuciya su ne kuma ke rage ƙarfin saƙon zafi a lakar baya. Idan aikinsu ya yi rauni, amosanin gaɓɓai ɗaya ne amma raɗaɗin ya ƙaru. Ciwon kuma ya hana barci da zuwa masallaci, kaɗaici ya shigo. Tsofaffi ba kasafai suke cewa "raina a ɓace yake" ba, jiki suke nunawa.

In ciwo ya wuce wata 3, kuma an yi mako 2 ana ganin rashin walwala, rashin ci ko farkawa tun kafin asuba, a kai tsohon ko tsohuwar ga likita a faɗi duka biyun. Ƙara maganin kashe zafi na diclofenac daga kemis ba ya taɓa damuwar, sai dai ya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Maganin damuwa kuwa yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa sosai, kada a daina sha da wuri.